Tasirin annoba kan allurar rigakafin mura ga manya

Tasirin annoba kan allurar rigakafin mura ga manya shi ne sauyin da ake samu a yawan manyan mutane masu karɓar allurar mura ta shekara-shekara a lokacin da wata cuta ta game duniya, da kuma bayan ta lafa. An fi nazarin wannan batu a Amurka da ƙasashen Turai da Ostareliya, inda ake yin allurar duk shekara kuma ake ajiye alƙaluma. Annoba biyu ne suka ba da mafi yawan abin da aka sani: murar H1N1 ta shekarar 2009 da cutar korona wadda ta ɓulla a ƙarshen 2019.

Wace mura ake nufi

A Hausa kalmar mura ta haɗe cututtuka biyu da likitoci suka bambanta. Akwai murar yau da kullum mai atishawa da yoyon hanci, wadda ba ta da allurar rigakafi. Akwai kuma infuluwenza, mai zuwa da zazzaɓi da ciwon jiki da tari, wadda kan kwantar da tsofaffi da masu ciwon suga ko ciwon zuciya ko asma. Ita ake nufi a wannan maƙala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a kowace shekara ta hanyar cutar numfashi.

Ƙwayar cutar tana sauya kama a kai a kai, shi ya sa allurar bara ba ta wadatar da bana. Hukumar kan bayyana nau'o'in da za a saka a allurar sau biyu a shekara: a watan Fabrairu domin arewacin duniya, a watan Satumba domin kudanci. Jiki na ɗaukar kimanin mako biyu kafin ya samu kariya. Tunda kowace shekara sai mutum ya sake yanke shawarar zuwa, allurar mura ta fi sauran allurai saurin nuna canjin ra'ayin jama'a.

Annobar 2009

An ayyana murar H1N1 a matsayin annoba a ranar 11 ga Yuni 2009, aka sanar da ƙarewarta a watan Agusta 2010. A lokacin an riga an fara haɗa allurar shekarar, don haka aka yi wata ta daban domin sabuwar ƙwayar, ya zama ana kiran mutane su karɓi allura iri biyu a kaka ɗaya. Daga kakar 2010 zuwa 2011 aka shigar da H1N1 cikin allurar shekara-shekara. A shekarar 2010 ne kuma hukumomin lafiya na Amurka suka fara ba da shawarar a yi wa duk wanda ya kai wata shida allurar, ba masu rauni kaɗai ba.

A Faransa labarin ya sha bamban. Gwamnati ta yi odar allura miliyan 94, amma waɗanda suka karɓa ba su kai kashi 10 cikin ɗari na al'ummar ƙasar ba, kuma cutar ba ta yi munin da aka yi hasashe ba. An yi ta sukar gwamnati da ɓarnar kuɗi. A Finlan da Suwidin an gano alaƙa tsakanin allurar Pandemrix da wata cutar barci a tsakanin yara da matasa. A shekarun da suka biyo baya yawan tsofaffin Faransa masu karɓar allurar mura ya ragu, ko da yake allurar shekara-shekara ba ita ce aka yi taƙaddama a kanta ba.

Shekarar farko ta korona

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira korona annoba a ranar 11 ga Maris 2020. Da hunturu ya gabato, babu allurar korona tukuna, kuma ana fargabar cututtukan biyu su haɗu su cika asibitoci. Alamominsu ma sun yi kama, ta yadda mai mura zai iya cinye gado da kayan gwajin da mai korona ke buƙata. Sai gwamnatoci suka matsa ƙaimi kan allurar da ke hannu.

A Ingila kashi 80.9 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama sun karɓi allurar a kakar 2020 zuwa 2021, alhali a kakar da ta gabata kashi 72.4 ne. Wannan ya haura mizanin kashi 75 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa tsofaffi, mizanin da ƙasashe kaɗan ke cimmawa. An kuma faɗaɗa allurar kyauta ga masu shekara 50 zuwa 64. A Amurka an rarraba allura sama da miliyan 190, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, amma ƙarin da aka samu a tsakanin manya bai taka kara ya karya ba: daga kashi 48.4 zuwa 50.2.

Ba tsoro kaɗai ke aiki ba a wannan lokaci. Akwai abubuwan da suka ja baya. Ma'aikata da dama sun saba karɓar allurar a wurin aiki, sai ga ofisoshi a rufe. Wasu sun ƙaurace wa asibiti don gudun kamuwa da korona, ganin likita kuma ya koma ta waya. An cike wani ɓangare na giɓin da kantunan magani da wuraren da ake yi wa mutum allura yana zaune cikin motarsa.

Abin mamaki, murar ba ta zo ba. Takunkumin fuska da kulle da rufe makarantu da tsayar da jiragen sama sun sa infuluwenza ta kusa ɓacewa a Ostareliya a tsakiyar 2020, haka ma a Turai da Amurka a hunturun da ya biyo. Ba daidai ba ne a jingina wannan ga allura kaɗai, domin raguwar cutar ta ninka ƙarin masu allurar nesa ba kusa ba.

Bayan zuwan allurar korona

Da farko an shawarci mutane su bar tazarar kwana 14 tsakanin allurar korona da kowace irin allura. A shekarar 2021 aka janye wannan sharaɗi, kuma wani gwaji da aka yi a Birtaniya mai suna ComFluCOV ya nuna ba laifi a yi biyun rana ɗaya. Hakan ya sauƙaƙa aiki, tunda zuwa ɗaya ya isa.

Sai dai allurar mura ta gaji rigimar da ta dabaibaye ta korona. Wani bincike da masana daga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles suka wallafa a 2022 ya nuna cewa a jihohin Amurka da aka fi ƙin allurar korona, karɓar allurar mura ma ta ragu, yayin da ta ƙaru a jihohin da aka fi karɓar ta korona. Wato matsakaicin adadi na ƙasa yana ɓoye rarrabuwar kai da ke ƙarƙashinsa. Adadin manyan Amurka masu karɓar allurar ya sauka zuwa kashi 46.9 a kakar 2022 zuwa 2023, ƙasa da yadda yake kafin annobar, kuma an ga raguwa a tsakanin mata masu juna biyu. A Ingila ma'aikatan lafiya masu hulɗa da majinyata, waɗanda sama da kashi uku cikin huɗunsu suka karɓa a shekarar farko ta korona, sun koma ƙasa da rabi cikin shekara uku. Tsofaffi ne suka fi riƙe ɗabi'ar.

Dalilan da ake kawowa sun haɗa da gajiya da yawan kiraye-kirayen allura, da jita-jita a kafafen sada zumunta, da shigar siyasa cikin batun, da kuma ganin cewa an yi shekara biyu ba mura. Wannan na ƙarshe ya zo a mummunan lokaci, domin a 2022 cutar ta dawo da wuri a Ostareliya sannan a Amurka, ta tarar da jama'ar da ta daɗe ba ta haɗu da ita ba.

Wajen karanta waɗannan alƙaluma ya kamata a lura da tushensu. Na Ingila daga rajistar likitoci ake ɗaukowa, na Amurka kuwa akasari daga tambayar mutane ta waya, kuma mutum kan manta ko ya faɗi abin da yake ganin ana so a ji.

Sauyi a cikin allurar kanta

Annobar korona ta taɓa har abin da ke cikin kwalbar. Wani reshe na ƙwayar mura mai suna B/Yamagata ba a sake tabbatar da yawonsa ba tun watan Maris 2020. A watan Satumba 2023 masu ba Hukumar Lafiya ta Duniya shawara suka ce a cire shi, kuma daga kakar 2024 zuwa 2025 allurar Amurka ta koma mai nau'i uku maimakon huɗu.

A Najeriya allurar mura ba ta cikin jadawalin rigakafin yau da kullum na gwamnati. Inda manya suka fi jin labarinta shi ne wajen shirin aikin Hajji da Umara, domin ma'aikatar lafiya ta Saudiyya tana shawartar maniyyata su yi ta kafin tafiya, musamman tsofaffi da mata masu juna biyu da masu daɗaɗɗen ciwo.