Amsoshin Tambayoyinku: Ana Yi Wa Mai Farfaɗiya Aikin Fiɗa?

Takardarmu ta wannan mako daga wani manomi ce a Zurmi. Ya ce ɗansa ya shekara shida da farfaɗiya, har ya taɓa faɗawa murhu. Wai da gaske ne likitoci na ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa su cire inda ciwon yake?

To malam, gaskiya ne, amma ba kowa ake yi wa ba. Ita farfaɗiya ba taɓin aljanu ba ce, kuma ba a ɗaukarta ta yawu. Ƙwaƙwalwa da ɗan lantarki take aiki, idan ya rikice sai mutum ya faɗi. Ga wasu, rikicin daga wuri guda yake tashi, kamar gobarar da ta kama rumbu ɗaya ta bazu gari. Sau da yawa wurin tabo ne da sanƙarau, ko zazzaɓin sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, ko buguwar kai, ko doguwar naƙuda suka bari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa da magani kawai. Sai an sha magunguna iri biyu bisa ƙa'ida ba su yi ba, sannan a yi zancen fiɗa. Tun 1886 wani likita, Victor Horsley, ya yi irin wannan aiki a Landan.

Kafin a taɓa kai, sai an gano wurin. Akwai awon EEG, inda ake manna wayoyi a fatar kai su rubuta motsin lantarkin. Akwai hoton MRI, wanda ke nuna tabo ko ƙari, ba yanka, ba zafi. Idan hoto da awo da bayanin iyaye suka nuna wuri guda, kuma cire shi ba zai taɓa magana ko motsi ba, to aiki na iya yiwuwa.

Saboda haka ku lura: wane hannu ke fara karkarwa? Ina yake juya kai? Ku ɗauka da waya. Ku fara da asibitin Ƙaura Namoda ko Shinkafi, su tura ku Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usman Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda akwai likitocin fiɗar ƙwaƙwalwa.

Kada a yanke magani. Idan ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki. A nisanta shi da wuta da rijiya.

Allah ya ba shi lafiya, amin.