Kilematis na Nefal da Yadda Ake Renonsa

Kilematis na Nefal, wanda masana suke kira Clematis napaulensis, tsiro ne mai yaɗo, asalinsa duwatsun Himalaya da kudu maso yammacin ƙasar Sin. George Forrest ne ya kai irinsa Ingila daga lardin Yunnan cikin shekarar 1912. Ba ya jimre sanyi mai tsanani, saboda haka a Ingila akan dasa shi jikin bango mai fuskantar kudu, ko kuwa cikin ɗakin gilashi.

Halinsa irin na gawo ne, watau saɓa wa sauran itatuwa. Lokacin zafi, sa'ad da lambu ya yi kore shar, shi sai ya kaɗe ganye, ya zama kamar busasshiyar igiya. A nan ne mai lambun da bai san shi ba yakan tumɓuke shi, yana tsammani ya mutu, alhali kuwa hutawa yake yi. In aka ƙyale shi, aka rage masa ruwa, da kaka sai ya toho. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu kuma ya fid da furanni fari-fari masu siffar ƙararrawa, da zaruruwa masu launin shunayya suna reto daga ciki.

Kada a datse shi sai fure ya wuce, gama a tsofaffin rassa yake yin fure.