Idan Kwamfutar Ikilisiya Tana Yawan Mutuwa

A ikilisiyoyin karkara da yawa, kwamfuta guda ɗaya ce ke riƙe da rajistar baftisma da ta aure, da lissafin baiko, da sunayen gwauraye da marayun da ake raba wa hatsi. Kukan da sakatarori da ma'aji suka fi kawo mana shi ne, ana cikin aiki sai allo ya koma shuɗi, rubutun Turanci ya fito, kafin a karanta kwamfutar ta mutu ta sake tashi da kanta. Yau ta yi, gobe ta yi. Daga nan sai a kai ta gari, mai gyara ya ce a goge komai a sake zuba Windows. Sau da yawa rajista ta tafi ke nan, bayan 'yan makonni kuma ciwon ya dawo domin ba a gano tushensa ba.

Shuɗin allon nan Windows ce ke tsayar da kanta da gangan idan ta ci karo da matsalar da za ta iya lalata bayanai. A Windows 11 an mayar da launin baƙi a shekarar 2025, amma ma'anar ɗaya ce. Kafin ta mutu, takan rubuta abin da take yi a lokacin a cikin wani fayil. Wannan fayil kamar katin asibiti yake: da shi mai gyara zai san inda ciwon yake, ba sai ya yi ta lalube ba.

Yadda za a saita ta

Na farko, a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta sysdm.cpl, a danna Enter. A shiga "Advanced", a nemi "Startup and Recovery", a danna "Settings".

Na biyu, a cire alamar da ke gaban "Automatically restart". Yanzu allon zai tsaya har a karanta shi. A ɗauki hotonsa da waya, ko a kwafe sunan matsalar da ke cikin manyan haruffa, misali MEMORY_MANAGEMENT.

Na uku, a ƙarƙashin "Write debugging information" a zaɓi "Small memory dump". Ƙaramin fayil ne, kuma duk mutuwa tana barin nata daban, da kwanan wata, a C:\Windows\Minidump. Babban fayil mai suna MEMORY.DMP yana cin wuri sosai, kuma sabo yakan shafe tsoho.

A kula da abu biyu. Manhajojin share shara sukan goge waɗannan fayiloli, don haka kada a yi shara kafin mai gyara ya duba. Kuma idan wani ya kashe abin da ake kira "paging file" don samun wuri, kwamfutar ba za ta iya rubuta komai ba, sai an mayar da shi.

Littafin mutuwar kwamfuta

Muna ba da shawara a ajiye littafi kusa da kwamfutar. Duk sa'ad da ta mutu a rubuta rana, da lokaci, da aikin da ake yi, da ko wutar janareta ce ko ta sola. Bayan sau uku ko huɗu, abin yakan nuna kansa.

Idan sunan matsala ɗaya ke ta fitowa, musamman bayan an haɗa sabuwar firinta ko modem, yawanci manhajar da ke tafiyar da wannan na'ura ce ke da laifi. Mai gyara zai buɗe fayil ɗin da WinDbg ko BlueScreenView ya ga sunan da ake zargi. Idan sunan yana canzawa kullum, a zargi RAM, wato ma'ajiyar aiki ta kwamfutar. Windows tana da abin gwada ta mai suna "Windows Memory Diagnostic".

Idan kuwa ta ɗauke ɗif, babu shuɗin allo, babu fayil, to a duba wuta da zafi. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin bazara ya ƙarasa. A ɗora ta a kan tebur inda iska ke shiga, a hure ƙurar bayan an zare ta daga wuta, a sa mata sitabilaiza ko UPS, kuma kada a jona ta sai janareta ya daidaita.

Kada a yi saurin ɗora wa sakatare laifi. Ranar 19 ga Yuli 2024, sabuntawa guda ɗaya mai kuskure daga kamfanin CrowdStrike ta jefa kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 cikin shuɗin allo, har jiragen sama da bankuna da asibitoci suka tsaya a ƙasashe da dama. Abin da ya sami manyan kamfanoni zai iya samun ofishin fasto.

A sani kuma cewa Microsoft ta daina kula da Windows XP a 2014, da Windows 7 a 2020, ta kuma kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 a Oktoba 2025. Tsohuwar kwamfuta za ta ci gaba da aiki, amma tana buƙatar taka-tsantsan wajen shiga intanet.

A ƙarshe, kowace Lahadi bayan sujada a kwafe rajista da lissafi a filashi biyu, ɗaya a ofis, ɗaya a hannun wani dattijon ikilisiya. Kada a yarda a goge kwamfuta sai an buɗe kwafin an tabbatar yana aiki. Sunayen da ke ciki amana ce a hannunmu, domin gwauruwar da sunanta ya ɓace za ta iya rasa rabonta na hatsi. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon amana. Amin.