Ƙibar Dexa Ba Lafiya Ba Ce

Ɗan'uwa, ka san ƙananan ƙwayoyin nan da ake kira dexa? Cikakken sunansu dexamethasone. Masu tallan magani suna sayar da su a kasuwar Malanville, da nan Garou, har ƙetaren gada a Gaya. Manomin shinkafa yakan sha don ciwon gwiwa da baya. Budurwa takan sha don ta yi ƙiba kafin biki.

Dexa da ɗan'uwansa prednisolone magunguna ne masu ƙarfi. A asibiti mukan ba mai asma idan numfashi ya sarƙe, bisa ma'auni, na 'yan kwanaki. Suna ceton rai. Amma in an daɗe ana sha, illa ce ke biyo baya.

Dubi wadda ta sha don ƙiba. Fuska ta cika, ciki ya fito, ƙeya ta yi tozo, amma hannu da ƙafa sun rame. Ruwa ne da kitse suka taru, nama kuwa yana zubewa. Daga nan sai hawan jini, ciwon sukari, rashin barci, yana a ido, da ƙashi mai saurin karyewa. Jiki yakan kasa yaƙi da cuta: gyambo ya ƙi warkewa, tarin fuka da ya kwanta ya farka.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. A kan kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta mai yi wa jiki irin wannan magani. In ka sha dexa fiye da mako 3, takan yi barci. Ka bari farat ɗaya, sai kasala, amai, jiri, jini ya faɗi ƙasa, wani har ya rasa ransa.

Saboda haka, in ka daɗe kana sha, kada ka yanke da kanka. Zo asibiti da sauran ƙwayoyin a hannunka. Ba faɗa za mu yi maka ba. Za mu auna jininka da sukari, mu riƙa rage maka kaɗan-kaɗan har halittar nan ta farka.

In likita ne ya rubuta maka, sha da safe bayan ka ci abinci. Kada ka haɗa da diclofenac ko ibuprofen, domin tare suna huda ciki. In bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko ka yi aman jini, kada ka kwana a gida.

Allah ya ba mu lafiya.