Harɗaɗɗun kalmomi: ƙofar da yaran Dakoro za su bi su shiga Ingilishi

Kowace shekara, idan damina ta ɗauke aka koma karatu, yaran da suka gama lakwal a Dakoro da Kornaka da Sabon Mashi da sauran garuruwan gundumar sukan shiga ajin farko na kwaleji, wanda ake kira siziyam. A nan ne mafi yawansu suke gamuwa da Ingilishi karo na farko. Yaro ɗan shekara 12 ko 13, wanda ya tashi da Hausa ko Fulatanci ko Tamajak, ya kuma yi shekara 6 yana fama da Faransanci, sai ga wani harshe an ɗora masa. Babban nauyin da yake fara ji shi ne yawan kalmomi. Ana rubuta masa su bisa allo, yana kwafewa, yana haddacewa, bayan mako biyu rabinsu sun zube.

Wannan magana ta ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Mutanen jihar Maraɗi dama sun san amfanin Ingilishi tun kafin doka ta faɗa. Dabbobin Dakoro suna gangarawa kasuwannin Najeriya. Maganin dabbobi da buhun taki da wayar hannu sau da yawa da rubutun Ingilishi suke zuwa. A 2021 kuma aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi. Saboda haka yaron da ya kama harshen nan da kyau ya samu jari, wanda ya tsorata da shi tun siziyam kuwa ya yi asara babba.

Akwai wata ƙofa mai sauƙi da ya kamata malamai da iyaye su sani, ita ce ƙofar harɗaɗɗun kalmomi.

Abin da yaro ya zo da shi daga gida

Harɗaɗɗiyar kalma ita ce wadda aka gina da kalmomi biyu ko fiye, suka haɗu suka ba da ma'ana guda. Hausa cike take da su. Muna cewa gidan sauro, jirgin sama, farar hula, jan ƙarfe, baƙin ciki, uwargida, ɗan sanda. Muna da waɗanda aka gina da aikatau, kamar dafa-duka, da hana-salla, wato hular nan mai baki a goshi, da faɗi-ka-mutu, wato kwanon tangaran. Masana sun daɗe da lura da wannan arziki: Mustapha Ahmad ya yi digirinsa na uku a kansa a jami'ar Indiyana ta Amurka a 1994, Joseph McIntyre kuma ya fitar da littafi guda a 2006 kan waɗanda aka gina da aikatau kaɗai.

Ko taswirar gundumar Dakoro aka shimfiɗa, darasi ne. Sabon Mashi, Ɗan Gulbi, Birnin Lalle, Maiyara, kowane suna harɗaɗɗe ne, kuma yaro yana iya warware shi da kansa. Idan aka gaya masa cewa a Ingila akwai wani gari da ake kira «Newcastle», daga «new» wato sabo da «castle» wato gidan sarauta mai ganuwa, nan take zai tuna da Sabon Birni.

Ingilishi ma haka yake son haɗa kalmomi, har ya fi Faransanci. Bincike ya nuna cewa ƴaƴan masu harshen suna fara ƙirƙiro nasu tun suna wajen shekara 2 zuwa 3. Amma wata masaniya, Jean Berko, ta gano wani abu a Amurka a 1958. Ta tambayi yara ƴan shekara 4 zuwa 7 dalilin da ya sa ake kiran wasu abubuwa da sunayensu, kamar «blackboard» da «birthday», sai ta tarar da yawa daga cikinsu ba su ma lura cewa kalmomi biyu ne a ciki ba. Wato yaro yana iya amfani da harɗaɗɗiyar kalma shekara da shekaru bai ga gaɓarta ba, sai an nuna masa. Nuna gaɓar nan shi ne aikin malami.

Doka ɗaya: a karanta daga baya

Bambancin da ke tsakanin Hausa da Ingilishi a nan guda ne babba. Bahaushe yana fara faɗin abin, sa'an nan ya faɗi irinsa: ciwon kai, ciwo ne, na kai. Bafaranshe ma haka yake yi, ya ce «mal de tête». Fulatanci da Tamajak su ma abin suke sa wa a gaba. Ingilishi kuwa juyawa yake yi: «headache», kai a gaba, ciwo a baya. Haka «football» yake, ƙafa a gaba, ƙwallo a baya. Haka «earthquake», girgizar ƙasa. «Firewood», itacen wuta. «Bedroom», ɗakin kwana. «Toothache», ciwon haƙori.

Saboda haka dokar da za a ba yaro gajera ce: idan ka ga doguwar kalma, raba ta biyu, fara da ta baya, ka sa mata -n ko -r, sa'an nan ka kawo ta gaba. Kalmar baya ita ce mai gida, ta gaba baƙuwa ce da ta zo ta bayyana shi. Ma'aikatan da suka zauna Doso ko Yamai sun san irin wannan juyi a cikin ƙasarmu: inda Bahaushe yake cewa Sarkin Gobir, Bazabarme cewa yake Zarmakoy, ƙasa a gaba, sarki a baya. Ɗan Zabarmawa ya riga ya saba da tsarin Ingilishi, ɗan Dakoro kuwa sai an koya masa.

Kada a ɗauki juyin nan ƙaramin abu, domin yana canza ma'ana. «Racehorse» dokin sukuwa ne, «horse race» kuwa sukuwar dawaki ce. A Kanada, Elena Nicoladis ta nuna a 2002 cewa yara ƙanana masu jin Faransanci da Ingilishi tare sun fi juya irin waɗannan kalmomi fiye da masu harshe ɗaya. To, ina ga yaronmu, wanda harshen gida da harshen lakwal duka suke ja da shi gefe guda? Idan ya yi wannan kuskure, harsunan da ya sani ne suke aiki a kansa. Maganinsa bayani da maimaitawa, tsawa ba ta gyara shi.

Akwai kuma inda Hausa ta fi Faransanci kusa da Ingilishi. Idan kalmar farko sifa ce, tsarinmu da nasu ɗaya ne: «blackboard» baƙin allo ne, baƙi a gaba, allo a baya, alhali Faransanci «tableau noir» yake cewa. Malamin da ya bi ta Faransanci kaɗai don ya bayyana wannan kalma ya zagaya da yaro ta doguwar hanya, ga gajera a bakin ƙofa.

Yadda darasin zai gudana

Ba a bukatar kuɗi. Alli da allo da tsohon kwali sun isa. Da farko malami ya ɗauki minti biyar cikin harshen yara, ya ce kowa ya kawo harɗaɗɗiyar kalma guda, a rubuta, a ja layi a gaɓarta. Bayan haka ya koyar da gajerun kalmomi takwas na Ingilishi: «sun» rana, «moon» wata, «day» yini, «night» dare, «rain» ruwan sama, «water» ruwa, «light» haske, «fall» faɗuwa. A yanka kwali, a rubuta kowace kalma a kan yanki guda, a raba wa yara takwas. Sai su fito gaban aji bibbiyu, su tsaya kafaɗa da kafaɗa, sauran su karanta su fassara.

Daga waɗannan takwas za a samu wasu takwas kyauta: «sunlight», «moonlight», «daylight», «rainwater», «rainfall», «waterfall», «nightfall», da «Sunday», ranar Lahadi, wadda asalinta yinin rana ne. Yaro ya haddace 8, ya tafi gida da 16. Abin da ya fi yawan daɗi shi ne ya gane da kansa, abin da mutum ya gano da kansa kuwa bai cika ɓacewa ba. Idan yaran biyu suka tsaya a juye, a bar ajin ya gyara musu tsayuwa, dariyar da za a yi ita ce za ta dasa dokar.

A zaɓi kalmomi daga rayuwar yaran. Dakoro ƙasa ce da gonaki suka haɗu da makiyaya a bakin kwarin Tarka, don haka «sandstorm», guguwar rairayi, da «cowshed», rumfar shanu, da «groundnut», gujiya, sun fi amfani bisa sunan ƙanƙara da yaro bai taɓa gani ba. «Blacksmith» kuwa kyauta ce ga malami, domin mu ma muna da maƙerin baƙi da maƙerin fari.

Wata taska kuma tana cikin bakinmu. Hausa ta ari harɗaɗɗun kalmomin Ingilishi tun zamanin Turawa ta narkar da su. Lasifika daga «loudspeaker» take, tocila daga «torchlight», birkila daga «bricklayer», hedikwata daga «headquarters», hankici daga «handkerchief». Ko Facebook da ke cikin wayar yayyensu, fuska ce da littafi. Ranar da yaro ya gane cewa yana faɗin Ingilishi tun yana goye, tsoron harshen yakan ragu.

Wuraren da ake tuntuɓe

Na farko, wasu kalmomin ba sa bin lissafi. «Butterfly», idan aka raba ta, man shanu ne da ƙuda, alhali sunan malam-buɗe-littafi ne. Yara za su yi dariya, sai malami ya tambaye su: shi namu, wane malami ne, wane littafi ya buɗe? Barkonon tsohuwa ma ba barkono ba ne, ba na tsohuwa ba ne. Kowane harshe yana da irin waɗannan, haddace su ake yi ɗaya ɗaya, kuma a jinkirta su sai dokar ta zauna. Wasu kuwa rabi da rabi ne: «rainbow» bakan ruwan sama ne, mu muna cewa bakan gizo, Bafaranshe yana cewa «arc-en-ciel», duka ukun sun ga baka. «Breakfast» karya azumin dare ne, kusa da karin kumallo namu.

Na biyu, kunne. A Ingilishi ƙarfin murya yakan faɗa kan kalmar farko ta harɗaɗɗiyar kalma. Idan aka danna «black» a «blackboard», allon aji ake nufi. Idan aka danna «board», kowane katako baƙi ne. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan: a faɗi «ya dafa shinkafa» sa'an nan a faɗi «dafa-duka», za a ji muryar «dafa» ta sauka ƙasa a ta biyun. Tafi guda bisa gaɓar farko yana taimaka wa yara su ji.

Na uku, rubutu. Ingilishi yana rubuta wasu a haɗe, wasu da karan ɗori, wasu a rabe, kuma babu dokar da ta game su duka. Hausa ma haka: uwargida a haɗe, dafa-duka da karan ɗori, gidan sauro a rabe. A shekarar farko a tsaya ga waɗanda ake haɗewa, sauran a bar wa ƙamus.

Kira ga iyaye da hukumomi

Ƙasarmu ba yau ta fara gane darajar harshen uwa a makaranta ba. An fara yaƙi da jahilci na manya a 1963. A 1966 aka yi taron Bamako kan daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 kuma ta ba harsunan ƙasa gurbi a cikin aji. Abin da ya rage shi ne darasin Ingilishi ma ya ci wannan gajiya. Masu duba makarantu su yarda wa malami ya yi minti biyar na kwatanci da harshen yara, kada a lissafta masa shi laifi. Masu tsara littattafai a INDRAP su tanadi ɗan jerin kalmomi ɗari, Ingilishi da Hausa da Faransanci kafaɗa da kafaɗa. Malaman lakwal kuma su nuna wa yara gaɓar harɗaɗɗun kalmomin Hausa tun ajin ƙasa, domin itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku kuma ƴan uwa da kuka samu takardar yaƙi da jahilci, kada ku ce ba ku jin Ingilishi, don haka babu ruwanku. Rabin darasin nan na Hausa ne, kuma kun fi mushe sanin sa. Bayan sallar isha'i, a kira yaro, mace ko namiji, a ce ya kawo kalmomi biyar na Hausa masu gaɓa biyu, ya rubuta, ku duba masa rubutun. Sa'an nan ya buɗe littafinsa ya nemo doguwar kalma guda ta Ingilishi, ya raba ta, ya fassara muku daga baya zuwa gaba. Kalma guda kowane dare, daga Oktoba zuwa Yuni, ta haura 250. Allah ya ba yaranmu basira, ya ba malamansu haƙuri.