Baitulmali, Caji Ofis da Shagon Kemis a Yammacin Zamfara

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, gwamnoni su tsame hannunsu, kuma a daina ba da kuɗi ga duk ƙaramar hukumar da kantoma ke riƙe da ita a madadin zaɓaɓɓen shugaba. Ministan shari'a Lateef Fagbemi ne ya shigar da ƙarar, Mai shari'a Emmanuel Agim ya karanta hukuncin. Lauyoyin Abuja sun yi ta tafka muhawara kan sassan tsarin mulki. Mutumin Anka ko Gummi ko Bukkuyum kuwa tambayarsa gajeriya ce: shin wannan kuɗi zai dawo da ɗan sanda ƙauyenmu, kuma zai sa wani ya leƙa shagon da ake sayar wa yaranmu ƙwaya? A ganina kuɗin kaɗai ba zai yi ba, domin tun da daɗewa aka raba jakar kuɗi da sandar tsaro da ikon sa ido kan magunguna, aka kai kowanne wani gari.

Kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, waɗannan garuruwa gundumomi ne a ƙarƙashin En'en Sakkwato. Hakimi da dagatai su tara haraji da jangali, kuɗin ya shiga baitulmali, daga nan a biya malamin asibiti da duba-gari da ɗan doka. Ba zamanin adalci ba ne. Wanda ya san tarihin jam'iyyar NEPU ya san irin ukubar da 'yan doka suka gana wa talakawan da suka saɓa wa sarakuna, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa a zamanin Gowon aka narkar da su cikin rundunar 'yan sandan tarayya. Duk da haka tsarin yana da wani abu da aka rasa daga baya. Mai karɓar kuɗi da mai tsaron kasuwa da mai duba abin da ake sayarwa a cikinta duk hukuma ɗaya ke biyansu, talaka kuma ya san ƙofar da zai kai kukansa.

Tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da rarrabuwar waɗannan ayyuka. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar, ta tarayya. Magunguna da guba suna cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, haka ma ma'adinai. Abin da aka bar wa ƙaramar hukuma shi ne kasuwa da tasha da mayanka da maƙabarta da lasisin shaguna, sai hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Kasonta daga asusun tarayya, ita da sauran 'yan'uwanta a dunƙule, kashi 20.60 ne cikin ɗari, kuma sashe na 162 ya bi da shi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha. A can ake cire albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da fansho da kason masarautu da kuɗin ayyukan da ake kira na haɗin gwiwa, abin da ya saura shi ke isa sakatariya.

Kuɗin shiga na cikin gida kuwa ya daɗe da yin rauni. Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979, talakawa suka yi murna, kuma suna da hujja. Sannu a hankali harajin kai ya gushe a Arewa ba tare da an samo wa ƙananan hukumomi madadinsa ba. Abin da ya rage shi ne kuɗin rumfa da na kara da na tasha, waɗanda dukkansu rayuwarsu na ga kasuwar mako. To, kasuwar mako ce ta'addancin 'yan bindiga ya fara karyawa. Shanu suka ƙare a hannun masu su, fatake suka ɗauke ƙafa, sannan a watan Satumba na 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya don a toshe wa 'yan daji hanyar samun abinci da mai. Ko matakin ya takura su na ɗan lokaci, ya kuma busar da 'yar rijiyar da ƙananan hukumomi ke ɗiba.

Wani zai ce ai kason wata-wata ya ƙaru tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023. Gaskiya ne, a takarda ya ƙaru sosai. Sai dai dalar da hukuma ke sayarwa kusan naira 460 a lokacin ta haura 1,500 a 2024, litar man da ba ta kai naira 200 ba ta taɓa wuce 1,000, mafi ƙarancin albashi kuma ya tashi zuwa naira 70,000. Wannan ya shafi tsaro kai tsaye, domin ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a karkarar Arewa shugaban ƙaramar hukuma ake dubawa idan motar sintiri ta rasa mai ko taya, ko ana neman abincin jami'an da aka girke a wani ƙauye. Ba aikinsa ba ne a doka, amma in bai yi ba motar ba ta fita. Ga kuma larurar da ba a shirya mata ba: 'yan gudun hijirar da suka cika garin Anka, da ambaliyar da ta rusa gidaje masu yawa a Gummi a watan Agustan 2024.

Abin takaicin shi ne ƙasar ba matalauciya ba ce. Zinaren Bagega da kewayenta ya jawo mahaƙa daga nesa. A 2010 gubar dalma da ke cikin duwatsun da ake niƙawa a tsakar gida ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, har sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar a watan Afrilun 2019, ta ɗage haramcin a Disamban 2024. A duk tsawon wannan lokaci zinare bai daina fita ba, ƙaramar hukuma kuma ba ta da ikon ba da lasisinsa ko karɓar harajinsa. Makokin da ya bari shi ne rabonta.

A Amurka, inda birni ke biyan 'yan sandansa, ƙarancin kuɗi kan fito fili. Birnin Camden na jihar New Jersey ya sallami kusan rabin 'yan sandansa a watan Janairun 2011, kowa ya ga adadin, aka yi ta cece-kuce. A nan ba a sallamar kowa, shi ya sa ba a lura. Ana dai janye jami'ai daga ƙananan ofisoshin ƙauye zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma saboda mutum biyar ba za su iya tare babur ɗari ba, wanda ya yi ritaya ba a maye gurbinsa, wanda aka turo yana neman canjin wurin aiki tun kafin ya sauke jaka. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 tana da 'yan sanda da ba su kai 400,000 ba, kuma wani kaso mai tsoka na gadin manya a birane. Kayode Egbetokun da kansa, yana Sufeto Janar, ya ce ana buƙatar ƙarin mutum 190,000.

Sakamakon ya bayyana a farkon Janairun 2022, lokacin da 'yan bindiga suka bi ƙauyukan Anka da Bukkuyum suna kisa da ƙone-ƙone kwana da kwanaki. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen yankin suka ce sun kai 200. Saɓanin adadin ma shaida ce: babu wani ma'aikacin hukuma a wurin da zai ƙirga gawa.

Wurin da hukuma ta bari bai zauna haka nan ba. 'Yan sa-kai sun tashi, kuma ba zan zargi mutumin da ya ɗauki bindigar toka don kare iyalinsa ba. Amma rundunar da ba ta da albashi, ba ta da horo, ba ta da wanda zai tuhume ta, takan hukunta ƙabila a madadin mai laifi. Kisan Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba ya tura matasa da yawa daji, ramuwar gayya ta bi ta kan manoma. Gwamna Dauda Lawal ya yi ƙoƙarin sa wa abin linzami da ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a ƙarshen Janairun 2024, mutum fiye da 2,600, bayan Katsina ta kafa irin nata a Oktoban 2023. Mataki ne mai ma'ana, sai dai na jiha ne, daga Gusau ake biyansu, kuma shi kansa gwamnan ya sha kokawa cewa ba shi da ikon ba sojoji da 'yan sanda umarni. In gwamna na faɗin haka, ina ga ciyaman ɗin Bukkuyum?

Mafi muni, haraji ya dawo ta wata ƙofa. A ƙauyuka da dama yanzu 'yan bindiga ke aza wa gari kuɗi kafin a yi shuka, su sake azawa kafin a yi girbi, wani lokaci har su tilasta wa mutane noma gonakinsu. Manomin da ya biya wannan ba shi da abin ba mai karɓar kuɗin kasuwa, ba shi kuma da dalilin ganin girman sakatariyar da ba ta kare shi ba.

Ƙwaya ta shiga tsakiyar wannan duka. Rahoton 2018 na binciken da aka yi da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da su cikin shekara guda, miliyan 10.6 daga ciki tabar wiwi. A watan Mayun shekarar gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC ya tona yadda yake fita daga kamfani zuwa hannun matasa. Kwalba ta yi tsada, sai kasuwar ta ƙara karkata ga tiramol. Wanda hukuma ta amince da shi mai ƙarfin miligiram 50 ne ko 100, na kasuwar bayan fage kuwa yana kai 225. Mai haƙar zinare na sha don ya jure rami, ɗan ƙwadago na sha don ya gama kuyya, ɗan bindiga na haɗa shi da wiwi da allurar fenta kafin ya hau babur. Masu kai wa daji mai da burodi su ne dai masu kai ƙwaya, ribarta kuma ta fi ta burodi nesa.

Wa ke da hakkin hanawa? Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ita ke kama dillalai. NAFDAC ke tantance magani. Majalisar masu harhaɗa magunguna ke ba shagunan kemis lasisi. Dukkansu na tarayya ne, ƙarfinsu a babban birnin jiha yake, Gummi kuwa tana can kan iyakar Kebbi da Sakkwato, bayan hanyar da direbobi ke bi da addu'a. Hisba takan kai samame, amma ɗan Hisba ba a horar da shi ya bambance maganin da aka halatta da na jabu ba. A rufe kemis ɗin gaba ɗaya kuma ba mafita ba ce, domin a ƙauyen da malamin asibiti ya gudu, mai kemis shi ne likita, shi ne ungozoma ke aikawa wurinsa da dare. Mutumin da ke sayar da maganin zazzaɓin yaro da safe yana iya zama shi ke miƙa tiramol ta bayan kanta da yamma, kuma babu mai duba littafinsa.

Da wannan nake auna maganar halatta wiwi don magani, wadda kan taso lokaci-lokaci. Marigayi Rotimi Akeredolu, yana gwamnan Ondo, ya yi kiran a noma ta don magani da fitarwa waje tun 2019, an kuma kai ƙudurori Majalisar Wakilai ba su zama doka ba. Lesotho ta fara ba da lasisi a 2017, Maroko ta yi doka a 2021. A jihar Kalifoniya, wadda ta halatta ta don magani a 1996, mutanen birnin Oakland sun kaɗa ƙuri'ar aza mata haraji na musamman a 2009, lokacin da aljihun birnin ya yi ƙasa. Masu wannan ra'ayi na cewa abin da ake sha a ɓoye gara a fito da shi a sa masa ido, a kuma ci harajinsa. Hujjar tana aiki ne inda akwai mai duba shago, da ɗakin gwaji, da ɗan sandan da zai zo in an kira shi. A Zamfara, jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, jama'a ba za su karɓi batun ba tun daga tushe. Ko an ajiye wannan gefe, tiramol da kodin da fenta ai duk halatattun magunguna ne masu dokoki a rubuce, ga kuma inda rashin mai sa ido ya kai su.

Shin in kuɗin ya iso hannun ciyaman kai tsaye za a ga canji? Akwai dalilin shakka. Aiwatar da hukuncin kotun ya yi ta jan ƙafa, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE ta sha kokawa a kai. A zaɓen ƙananan hukumomin Zamfara na Nuwamban 2024 jam'iyyar da ke mulkin jihar ta lashe kujeru 14 duka, kamar yadda ake yi a kusan kowace jiha ko wace jam'iyya ke mulki, kuma wanda gwamna ya ɗora ba ya yi wa gwamna gardama kan kuɗi. Malaman firamare ma suna da tsoronsu, don ba su manta shekarun da albashinsu ke hannun ƙananan hukumomi suna wata da watanni ba a biya su ba.

Duk da haka ina goyon bayan hukuncin, saboda yana rage wuraren ɓuya. Kason kowace ƙaramar hukuma ana wallafa shi duk wata. In ya shiga asusunta kai tsaye, limami da sarkin kasuwa da ƙungiyar matasan Gummi suna iya zuwa sakatariya da adadin a hannu su tambayi inda ya tafi. Akwai kuma abin da kansiloli za su iya yi ba tare da jiran gyaran tsarin mulki ba. Ikon lasisin shaguna nasu ne: su yi rajistar kowane kemis a gunduma, su miƙa wa hukumomin tarayya sunayen, su hana rumfa ga wanda ba shi da takarda. Su ɗauki duba-gari 'yan asalin yankin, masu albashin da ke zuwa a kan kari. Kuɗin man sintiri kuma a fito da shi daga aljihun ciyaman a rubuta shi cikin kasafi, inda za a iya bin sawunsa. Muhawarar 'yan sandan jihohi da ake yi a Abuja, in ta tabbata, za ta matso da umarni daga Abuja zuwa Gusau, amma wanda zai san wane shago ne a kasuwar Bukkuyum ke sayar da fenta, sai ma'aikacin da ke kwana a Bukkuyum.