Yadda labari ke ƙetare iyakoki ya haɗa mutanen da ba su taɓa ganin juna ba

Da wuya a sami wanda ya yi karatun Hausa a makaranta bai san akun nan na littafin Magana Jari Ce ba, wanda yake riƙe ɗan sarki Musa da labari kullum dare, don kada ya fice daga fada ya faɗa tarkon waziri. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan aku baƙo ne a ƙasar Hausa. Ɗaruruwan shekaru kafin Abubakar Imam ya zauna a Zariya ya rubuta littafin cikin shekarun 1930, akwai wani tsohon littafi a Indiya da harshen Sanskrit mai ɗauke da labarai 70, inda aku yake hana matar wani falke fita da dare bayan maigidanta ya yi tafiya, yana jan ta da labari har lokacin fitar ya wuce. Daga Indiya aka mayar da littafin harshen Farisa, daga nan ya bazu. Da akun ya iso hannun Imam, sai ya sa masa rawani, ya zaunar da shi a fada mai dogarai da fadawa, har mai karatu ya ɗauka haifaffen nan ne.

Wannan tafiya ta aku tana nuna wani abu da masana adabi suka daɗe suna nazari a kai: labari yana ƙetare harshe da addini da launin fata cikin sauƙin da kaya da mutane ba su samu. Tambayar ita ce, ta yaya hakan ke faruwa, kuma me ya sa mutumin da bai taɓa taka wata ƙasa ba yake jin labarin mutanenta kamar na gidansu?

Tulun da ya fashe a ƙasashe uku

Babu misalin da ya kai na littafin Kalila wa Dimna bayyana wannan al'amari. Asalinsa wani tarin labaran dabbobi ne na Indiya mai suna Panchatantra, wanda aka tsara don koya wa 'ya'yan sarakuna dabarun mulki. Wajen shekarar 570, wani likita mai suna Barzawaihi ya fassara shi zuwa tsohon harshen Farisa a zamanin sarki Kisra Anushirwan. Wajen shekarar 750, Abdullahi Ibn al-Muƙaffa, wanda ma'aikacin gwamnati ne mai aikin rubuta wasiƙun hukuma, ya mayar da shi Larabci. A 1251 aka fassara shi daga Larabci zuwa harshen Sifaniya, kuma a 1678 marubucin Faransa La Fontaine ya bayyana cewa ya ɗebo da yawa daga labaransa a wurin wani mai hikima na Indiya.

A cikin waɗannan labarai akwai na mutumin da ya ci riba tun bai kai kasuwa ba. A Indiya, wani malamin addinin Hindu ne matalauci ya rataye tukunyar gari a saman shimfiɗarsa, yana lissafin yadda zai sayar da ita idan an shiga yunwa, ya sayi awaki, su zama shanu, ya yi aure, ya haifi ɗa. Cikin wannan mafarkin ido biyu ya kai shuri, tukunya ta fashe, gari ya rufe shi. A Larabci, mutumin ya koma mai gudun duniya da tulun zuma da man shanu, wanda ya ɗaga sanda don ya nuna yadda zai hori ɗan da bai haifa ba, ya fasa tulun. A Faransa kuwa, yarinya ce mai tallar madara take tafiya kasuwa tana ƙirga ƙwai da 'yan tsaki da alade da saniya, ta yi tsalle don murna, madara ta zube.

Abinci ya canja, tufafi sun canja, addinin mai tulun ya canja, amma babu ɗan kasuwar da zai ji labarin a Kantin Kwari ko kasuwar Wuse bai gane mutumin ba. Kowa ya taɓa ganin wanda ya kashe ribar kayan da ba su iso ba.

Kowace al'umma kuma tana gyara labarin ya dace da abin da take ganin daidai ne. A babban labarin littafin, dila ne yake shiga tsakanin zaki da amininsa sa da annamimanci har zaki ya kashe san. A rubutun Indiya, dilan ya ci nasara, labari ya ƙare a nan. A na Larabci an ƙara babi guda inda aka gurfanar da shi gaban shari'a aka hukunta shi. Wanda ya yi aiki a ofis ya ga yadda ake kai sukar abokin aiki wurin shugaba ba ya bukatar a fassara masa ko ɗaya daga cikin biyun.

Gizo a hanyar goro da jirgin bayi

Littattafai ba su kaɗai suke ɗaukar labari ba. Mafi yawansa a baki ya yi tafiya, tare da fatake da almajirai da mahajjata da bayi. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro yakan yi watanni a hanya, yana yada zango a garuruwan da ba a jin Hausa, kuma dare a zango dare ne na hira.

A ƙarshen wannan hanya, cikin ƙasar Ghana ta yau, mutanen Akan suna da nasu gwanin wayo mai suna Ananse, wanda shi ma gizo-gizo ne, mai kwaɗayi da dabara da kan faɗa ramin da ya haƙa wa wani, kamar dai Gizo mijin Ƙoƙi. Baturen nan R. S. Rattray ya buga tarin tatsuniyoyin Hausa a 1913, waɗanda wani malami Bahaushe mazaunin ƙasar ya rubuta masa da ajami, sa'an nan a 1930 ya buga na mutanen Akan. Wanda ya karanta littattafan biyu zai ga 'yan uwantakar dabbobin nan biyu a fili.

Ananse bai tsaya a Afirka ba. Mutanen da aka kama aka loda a jiragen bayi ba a bar su sun ɗauki komai ba, sai abin da ke cikin kansu. Har yau a Jamaika da Suriname ana ba yara labaran Anansi. A gonakin rake, labarin ƙaramar halitta da ke kayar da damisa da wayo ya zama abin da bawa yake ji a jikinsa, domin shi ma ba shi da makami sai dabara.

Takalmin da ya ɓace

Akwai kuma labarin marainiyar da kishiyar uwa ke gallaza wa. Turawa sun san ta da Cinderella, daga rubutun Charles Perrault na 1697 da na 'yan uwan nan biyu Grimm na Jamus a 1812. Amma tun ƙarni na 9 wani marubuci a ƙasar Sin ya rubuta labarin Ye Xian, yarinyar da kifi ya zama mata gata, ta je biki ta yar da takalmin zinariya, sarki ya sa aka nemo mai shi. A cikin tatsuniyoyin Hausa da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 akwai makamanciyarta, inda kwaɗon da yarinyar take jefa wa ragowar abinci ya yi mata suturar zuwa wasa, ta bar takalmi ɗaya, ɗan sarki ya bi sawu. Tun a 1893 wata mai bincike a Ingila, Marian Roalfe Cox, ta tattara nau'o'i 345 na wannan labari da danginsa. Yawan irin wannan kamanni ne ya sa Antti Aarne na ƙasar Finland ya fara tsara tatsuniyoyin duniya bisa lambobi a 1910, aikin da aka ci gaba da faɗaɗa shi har zuwa 2004.

Abin da ke sa labari ya karɓu

Dalili na farko shi ne, abubuwan da labari ke tsayuwa a kansu ba su da ƙabila. Maraici, kishi, yunwa, bashi, tsoron mai mulki, son wanda iyaye ba sa so, duk ana samun su a inda mutane suke zaune. Labarin Annabi Yusuf, wanda ya zo a sura ta 12 ta Alƙur'ani, kuma Yahudawa da Kirista suke karanta shi a littafin Farawa, yana taɓa duk wanda ya san hassadar 'yan uba da zafin ɗaurin zalunci da nauyin yafiya.

Na biyu, labari yana tilasta wa mai sauraro ya zauna cikin rigar mutum ɗaya. Idan aka ce dubban mutane sun rasa muhallinsu, kunne ya ji, zuciya ta wuce. Idan aka ba da labarin mace ɗaya da ta koma ta tarar da tukunyarta a kan murhu amma babu ɗakin, mai ji yakan tuna da mahaifiyarsa. Wani bincike da Uri Hasson da abokan aikinsa suka buga a 2010 daga Jami'ar Princeton ta Amurka ya nuna cewa, idan mutum yana ba da labari wani yana sauraro, motsin ƙwaƙwalwar mai sauraro yakan bi sawun na mai magana, kuma gwargwadon dacewarsu gwargwadon fahimtar labarin.

Na uku, labari yana da sauƙin kai. Yana yarda a canja masa riga muddin an bar masa ƙashin bayansa, shi ya sa kowa ke iya mallakarsa. Labarin Ali Baba da na Alauddin, waɗanda ake lissafa su cikin Dare Dubu Da Ɗaya, wani matashi Kirista ɗan birnin Halab na Siriya mai suna Hanna Diyab ne ya ba Bafaranshe Antoine Galland su a Paris a 1709. Yau Musulmi da Kirista da waɗanda ba su da addini duk suna ɗaukarsu nasu.

Tsakanin Kano da Indiya

A wannan zamani, majigi ya gaji zango. Tun daga tsakiyar ƙarni na 20 finafinan Indiya suka sami gindin zama a gidajen sinima na Kano da Kaduna da Jos, alhali masu kallo ba su jin harshen. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano ya buga sakamakonsa a 1997, ya bayyana cewa abin da ya ja hankalin Hausawa shi ne ganin matsalolin da suka sani: auren dole, biyayya ga iyaye, kunya tsakanin saurayi da budurwa, da tazarar mai kuɗi da talaka.

Hanyar kuma ba ta zama mai zuwa kawai ba. A 2012 wani kamfanin ɗab'i a birnin Chennai na Indiya ya buga fassarar Turanci ta littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, wadda Aliyu Kamal ya yi. Labarin matar da miji ya kora da 'ya'yanta saboda amarya ya sami masu karatu a ƙasar da akun Imam ya fito.

Idan labari ya zama makami

Ƙarfin da ke sa labari ya haɗa mutane shi ne kuma ke sa ya raba su. A Ruwanda, gidan rediyon RTLM ya yi ta maimaita wa masu sauraro cewa 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai ne masu shirin hallaka Hutu. A 1994 aka kashe mutane kimanin 800,000 cikin kwana 100, da yawa a hannun maƙwabtansu. A 2003 kotun duniya da aka kafa kan wannan kisan kiyashi ta sami wasu jagororin gidan rediyon da laifi.

Shekara goma bayan kisan, a 2004, aka fara watsa wani wasan kwaikwayo na rediyo mai suna Musekeweya, kan ƙauyuka biyu na ƙirƙira da ke rikici a kan ƙasar noma, da saurayi da budurwa da suka so juna daga ɓangarorin biyu. Elizabeth Levy Paluck ta bi rukunonin masu sauraro har tsawon shekara guda, ta buga sakamakon a 2009. Ta gano cewa wasan bai sauya ra'ayin da kowa ya riƙe a zuciyarsa sosai ba, amma ya sauya abin da mutane suke ɗauka abin yarda ne a cikin jama'a, kamar auratayya tsakanin ɓangarori da fitowa fili a ƙi bin ra'ayin taro. Wato labari ba ya wanke zuciya dare ɗaya, amma yana iya faɗaɗa abin da mutum zai iya yi a gaban maƙwabtansa ba tare da tsoro ba.

Bambancin labaran biyu a bayyane yake. Na farko ya cire wa mutane suna da fuska, ya dunƙule su wuri ɗaya. Na biyu ya mayar musu da suna da iyaye da gona da abin da suke tsoro. Wannan ma'auni yana da amfani ga duk mai waya a hannu, domin saƙonnin da ke yawo a WhatsApp da Facebook lokacin zaɓe ko rikici yawanci irin na farko ne: an ce mutanen kaza sun yi kaza, babu suna, babu wuri, babu rana.

Al'ummomin wannan yanki sun daɗe da sanin amfanin irin na biyu. Wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa, ko Kanawa da Zagezagi, ya ginu ne a kan labaran da kowane ɓangare ke bayarwa game da ɗayan, ana dariya, ana kiran juna bawa ba tare da an zare wuƙa ba. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun da duniya ta gada. A kasuwar da Bahaushe ke karɓar kaya bashi daga hannun ɗan Onitsha, da ofishin da ma'aikata daga jihohi goma suke zaune ɗaki ɗaya, amana takan fara ne daga ranar da ɗaya ya ba ɗaya labarin garinsu, ɗayan ya ce su ma haka ake yi a wajensu.